Darasi na Tara: Ciwon Sanyi da Danginsa, da Yadda Ake Gwajinsu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya ji mai magani da lasifika yana kwarara kira: ga na sanyin maza, ga na sanyin mata, ga na sanyin mara, duk a jarka ɗaya. Mutane suna saye, domin ya fi sauƙi ka miƙa kuɗi a cikin cunkoso da ka zauna gaban ma'aikacin asibiti ka faɗi abin da ke damunka a gabanka. Kunya ce, kuma kowa ya san ta. Matsalar ita ce, abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban-daban. Kowace da ƙwayar da ke kawo ta, kowace da maganinta.

Cututtukan da za mu karanta a yau ana ɗaukarsu ne ta hanyar saduwar namiji da mace. Wasu kuma suna bi ta jini, ko daga uwa zuwa jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace rana sama da mutum miliyan 1 ne ke kamuwa da waɗanda ake iya warkarwa daga cikinsu. Saboda haka ba ciwon mutanen birni kaɗai ba ne, ba kuma na wani jinsi ba.

Waɗanda ake warkewa sarai

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira gonoriya, wato ainihin ciwon sanyi. A jikin namiji ba ya daɗewa bai nuna kansa ba. Cikin 'yan kwanaki zai ji zafi kamar barkono in yana fitsari, ya ga mugunya tana ɓata masa wando. Mace kuwa tana iya ɗauke da shi wata da watanni ba ta ji komai ba. Akwai ɗan'uwansa, kilamidiya, wanda ya fi shi iya ɓuya: yawancin masu ita, maza da mata, ba su san suna da ita ba.

Shirun nan shi ne haɗarin. Cutar tana yi wa mace irin ɓarnar da gara ke yi wa azara, waje lafiya lau, ciki ya gama cinyewa. Takan haura daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin da ƙwai ke bi, ta toshe su. Daga nan sai ciwon mara da ba ya jin magani, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko haihuwa ta tsaya cak. Mata nawa aka yi wa gori, aka ce juya ce, aka yi ta kai su wajen masu rubutu da turare, alhali ciwon da za a kashe cikin mako guda ne ya yi aikin? Namiji ma yana iya rasa haihuwa ta wannan hanya. Jaririn da aka haifa uwarsa tana da gonoriya kuma, idanunsa kan kumbura su riƙa fitar da mugunya a kwanakin farko. In an ga haka a garzaya asibiti a ranar, don yana iya makancewa.

Sai tunjere. Shi dabararsa daban ce. Kimanin mako 3 bayan an ɗauka, wani ɗan gyambo kan fito a al'aura ko a baki. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, kuma yakan warke da kansa ko ba a sa masa komai ba. Mai shi sai ya ce maganin da ya shafa ne ya yi aiki. Ina! Cutar ta shige jini. Daga baya ƙuraje kan feso a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, da kaluluwa da zazzaɓi, su ma su baje. Bayan shekaru sai ta taɓa zuciya, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. A jikin mai ciki tana jawo ɓari, ko a haifi ɗa babu rai. Abin takaicin, allurar fenisilin ce maganinsa, kuma ba sabuwar allura ba ce.

Akwai kuma wata da ke sa mace fitar da ruwa mai kumfa da wari, da ƙaiƙayi. Ita ma ƙwayar magani ke kashe ta.

Waɗanda ake zama da su

Ƙanjamau kowa ya ji sunanta. Ƙwayar HIV ce ke kawo ta. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin mutum 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, kimanin 14 ne ke ɗauke da ita. Ba a warkewa, amma zancen da ake yi a da cewa likkafani ce ya wuce. Akwai magani da ake sha kullum, ana bayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware. Wanda ya riƙe shi da gaske yana noma, yana aure, yana haihuwa. In ƙwayar ta kwanta har gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Kuma ba a ɗaukarta a kwanon tuwo, ko buta, ko musabaha, ko cizon sauro.

Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV saurin kamawa, amma ba a cika tsoronsa ba. Ban da saduwa, yana bin aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da ita. Don haka idan wanzami ya zo aski, ko ƙaho, ko kaciya, ba rashin kunya ba ne ka ce a sa sabuwar reza a gabanka. Babban mutum in ya kamu, sau da yawa jikinsa kan kore ta. Jariri ne abin ji: cikin 10 da suka ɗauka wajen haihuwa, kusan 9 za su zauna da ita har girma. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar rigakafinta cikin awa 24 da haihuwa. Ko a gida aka haihu, kada a ce sai bayan suna.

Ƙwayar HPV ita ce ke jawo sankarar bakin mahaifa. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Sai wata cuta daban mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a al'aura, su tafi su dawo. Magani yana rage ta, ba ya raba mutum da ita.

Kafin a zargi kowa

Ba duk ruwan da mace ta gani ne cutar saduwa ba. Akwai wanda halitta ce, yana ƙaruwa yana raguwa da kwanakin wata. Akwai farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi wanda ko budurwar da ba ta san namiji ba tana yi, musamman bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Yawan cusa haɗe-haɗen matsi da wanke ciki da sabulu ma suna jawo wari da ƙaiƙayi. A ɗaya gefen kuma, ba a ɗaukar gonoriya ko tunjere a bakin masai, ko don an taka fitsarin wani. Ido ba ya raba waɗannan. Gwaji ne ke rabawa, ko duban wanda ya koyi aikin.

Yadda gwajin yake

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikacin lafiya zai yi tambayoyi: yaushe abin ya fara, wane irin ruwa ne, matanka nawa, me ka sha kafin ka zo. A faɗi gaskiya, musamman ta ƙarshen. Kafson nan ja da rawaya da ake saye biyu-biyu a kemis yana iya dusashe cutar har gwaji ya kasa ganinta, alhali tana nan. Irin wannan shan magani rabi da rabi ne ya sa gonoriya ta daina jin magunguna da yawa da a da suke kashe ta. Mace tana da damar cewa mace 'yar'uwarta take so ta duba ta.

Gwajin HIV, da na tunjere, da na ciwon hanta, duk da jini ake yi. Za a goge ɗan yatsa da auduga, a ɗan tsira shi, a ɗiga jinin a kan wani ɗan kati, a ƙara ɗigon ruwan gwaji. Sai a jira minti 15 zuwa 20. In layi ɗaya ya fito, ba a ga cuta ba. In biyu ne, a gwajin HIV ba a yanke hukunci nan take, sai an sake da wani katin na daban. Ga wani abu da ya kamata a riƙe: wanda bai daɗe da ɗaukar HIV ba, katin yana iya nuna babu. Don haka in akwai abin da ake shakka, a koma bayan wata 3. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa kada a jira komai. Akwai maganin da ke tare HIV in an fara shi kafin awa 72 ta cika.

Gonoriya da kilamidiya da fitsari ake gwada su, ko a lakato ruwan da ɗan tsinke mai auduga. Ƙananan asibitocinmu na ƙauye da yawa ba su da kayan wannan gwajin. Abin da ma'aikaci ke yi shi ne ya duba alamun, ya ba da allura da ƙwayoyin da za su kashe cututtukan biyu a tare. Hanya ce da aka amince da ita. In ba a ji sauƙi ba sai ya tura babban asibitin ƙaramar hukuma, daga can in ta kama a wuce Asibitin Murtala a Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse.

Sakamakon gwaji sirrinka ne. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana a tsangwami mai HIV ko a kore shi daga aiki saboda ita.

Magani na gida ne gaba ɗaya

Nan ne aka fi yin asara. A karanta wannan hira, mutum biyu su tashi su raba:

"Malam, ga allurarka an yi. Matanka nawa?"

"Biyu ne, likita. Amma su lafiyarsu ƙalau."

"Haka kake gani. Gobe ka zo da su duka."

"Haba likita, me zan ce musu? Ai sai gidan ya kama da wuta."

"Ka ce an ga ciwo a jikinka, an ce sai an duba kowa. Sauran bayanin ka bar mini. In ka warke kai kaɗai, ranar girkin uwargida za ka sake kwasowa, ka kai wa amarya."

"To, kwana fa?"

"A haƙura har kwana 7 bayan kowa ya gama maganinsa."

Gwaji ba ya faɗin wanda ya fara kawo cutar gida. Tana iya kwanciya tun auren fari, na miji ko na mata. Magidancin da ya dawo daga ci-rani ya fi kowa sanin ko yana bukatar ya biya ta asibiti kafin ya shiga ɗaki. Tsayawa a kan iyali shi ne babban kariya, kwaroron roba kuma yana tare yawancin cututtukan nan, har tsakanin ma'auratan da ɗayansu ke kan magani.

A Jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin a ɗaura aure: HIV, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin jinin da ke nuna sikila. Waliyyi ya nemi takardar, ko da ango ɗan ɗakinsa ne, ko da auren zawarci ne. Mai ciki kuma ta fara awo da wuri, ta tambaya da bakinta: an yi mini na HIV da na tunjere da na hanta? In an gano da wuri, ana kare jaririn.

Aikin aji

Rubuta waɗannan a littafinka, ka karanta wa na kusa da kai: gwaji, jini, fitsari, tunjere, rigakafi.

Wani ya ga gyambo a gabansa, bayan wata guda ya warke da kansa. Me za ka ce masa?

An yi wa mutum gwajin HIV ranar 5 ga Janairu, aka ce ya dawo bayan wata 3. Rubuta ranar da zai koma.

Wane asibiti ne mafi kusa da garinku da ake gwajin jini, kuma wace rana ce ranar awon ciki? Wanda bai sani ba ya tambayo kafin zama na gaba.