Shimfiɗa buntu a lambun gida: inda kuɗi ke zurarewa

Da zafin bazara ya kankama a Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, fangalin da aka shayar da asuba kafin azahar ya bushe ƙayau. Shi ya sa masu ɗan lambu a tsakar gida ke ɗauko ɗan ƙwadago ya rufe musu ƙasa da buntun shinkafa, busasshiyar ciyawa ko ganye, domin laima ta daɗe. Aikin ba shi da tsada, amma da yawa sau biyu suke biyansa.

Kuskuren farko shi ne yin ciniki da ido. Maigida ya nuna fili, lebura ya ce buhu kaza, a sallama. Auna tukuna. Fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2, in za a shimfiɗa masa kaurin santimita 5, wato kamar yatsu uku, zai ci lita 500: bokitin fenti mai lita 20 sau 25. Da wannan lissafi a hannu babu mai kawo maka rabin kaya ya barbaɗa kamar gishiri, bayan mako biyu ƙasa ta fito fili.

Sannan a rarrabe kuɗin gida uku: na kaya, na dako, na aiki. A ƙasar shinkafa irin tamu, daga Argungu har Yauri, buntu ba abin wahala ba ne a bakin injin casa. Abin da ke cin kuɗi shi ne ɗaukowa, don kaya ne mai cika waje ba nauyi, sawu ɗaya na Keke Napep ba ya kai ko'ina. Haɗa kai da maƙwabci ku ɗauki mota sau ɗaya. Shi kuwa aikin, jinga ta fi biyan yini, amma a faɗa ƙarara cewa cire ciyawa na ciki. Nan ne rigima ke tashi. In aka rufe ciyawar ƙiri-ƙiri ko aya-aya da saiwarsu, sai su huda shimfiɗar su fito da ƙarfinsu, kai kuma ka sake neman mai cira.

Wasu kuma harawa suke saya. Haba! Abin da masu kiwo ke rububi da rani, ka zuba wa ƙasa? Ganyen dogonyaro da ake sharewa a ƙona kullum a ƙofar gida zai yi aikin, kyauta.

Garin katako na wajen masu yankan katako yana da arha, sai dai kada a bari lebura ya cuɗa shi da ƙasa da fartanya. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata daga ƙasa, sai ka ga ganyen tumatir da alayyafo ya koma rawaya. A fara zuba ruɓaɓɓen taki, garin ya zauna a sama kawai.

Tula kaya a jikin gindin shuka ma ɓarna ce: gindin ya jiƙe ya ruɓe, gara ta samu gada. A bar tazarar tafin hannu kewaye da kowane tushe, mangwaro ne ko barkono. A kuma nisantar da shi daga jikin bango da murhu, busasshen buntu ba ya wasa da wuta.

A shayar da ƙasa sosai kafin a shimfiɗa, a yayyafa ruwa a kai bayan an gama, in ba haka ba iska za ta kwashe shi zuwa gidan maƙwabta. Kada a biya cikon kuɗin jinga sai an soka yatsa a wurare uku ko huɗu an ga kaurin ya kai yadda aka yi magana.