Yadda Za Ka Fara Sana'ar Ƙirƙirar Manhaja Bayan Ka Kammala Karatu

Kusan duk tallar aikin da ka buɗe ana neman mai gogewar shekara biyu ko uku, kai kuwa jiya-jiya ka fito daga jami'a. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da mai ɗaukar aiki ke son gani shi ne manhajar da ka gina da hannunka, kuma hakan ba sai wani kamfani ya ba ka kujera ba.

Da farko, zaɓi yare ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja ka tsaya a kansa. In shafukan intanet kake so, fara da HTML da CSS, sannan JavaScript. In harkar sarrafa bayanai ce, Python. Darussan freeCodeCamp da The Odin Project kyauta ne, haka ma kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard. Mai canza yare duk mako sai shekara ta zagayo bai iya ko ɗaya ba.

Na biyu, koyi Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen abin da ka rubuta, ka buɗe shafi a GitHub, dandalin da masu ƙirƙirar manhaja ke ajiye ayyukansu, tun makon farko, ka riƙa ɗora duk abin da ka rubuta.

Na uku shi ne ƙashin bayan komai: gina abin da wani zai yi amfani da shi da gaske. Rabu da kalkuletar da kowa ya kwaikwaya daga YouTube. Je wurin mai shagon unguwarku da ke rubuta bashi a tsohon littafi, ka ce za ka yi masa manhajar lissafi kyauta. A nan za ka haɗu da abin da babu shi a darasi. Wayarsa ƙarama ce, sabis yana ɗaukewa ana tsakiyar shigar da ciniki, kuma mutum ɗaya an rubuta shi Muhammadu yau, gobe Mamman, bashinsa ya rabu gida biyu. Warware irin waɗannan ita ce gogewar da ake magana. In ka gama, ɗora manhajar a Netlify ko GitHub Pages, dandalolin da ke saka shafi a intanet kowa ya gani, ka rubuta gajeren bayani da hotuna.

Na huɗu, shiga cikin mutane. A GitHub nemi ayyuka masu alamar "good first issue", wato gyaran da ya dace da sabon shiga, ka gyara ƙaramin kuskure, masu aikin su duba su yi maka gyara. Tun 2022 Google Summer of Code, shirin Google na horar da sababbin masu rubuta manhaja, ke karɓar waɗanda ba ɗalibai ba, kuma ana biyan kuɗi. A Najeriya akwai shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ga kuma tarukan DevFest na masu ƙirƙirar manhaja a birane irin su Kano da Kaduna. Sau da yawa a irin wannan zama ake jin labarin gurbi tun ba a tallata shi ba.

Sai neman aikin. CV ɗinka shafi ɗaya ya isa, ayyukanka a sama, sakamakon jarrabawa a ƙasa. Fara da ƙananan kamfanoni da guraben horo, kuma in bautar ƙasa na gabanka, yi ƙoƙari a tura ka inda ake wannan aiki. Ka iya bayanin kowane layi da ka rubuta, domin wanda ChatGPT ya yi wa komai tambaya biyu ke tona masa asiri a intabiyu. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi kafin a ɗauke ka aiki, ɗan damfara ne, toshe lambarsa.