Yadda za ku tayar da rijiyar burtsatsen unguwa ba tare da jiran kansila ba

Idan rijiyar burtsatsen unguwarku ta mutu, kada ku ɓata takarda wajen rubuta wa hukuma. Takardar za ta shiga fayil, fayil ya jira sa hannun oga, oga kuwa ya tafi taro Abuja. Mu mutanen Bauchi mun san jira. Tun zamanin Shagari ake zancen madatsar ruwa ta Kafin Zaki, waɗanda aka haifa a lokacin wasunsu har sun aurar da 'ya'ya. A Nuwamban 2022 Buhari da kansa ya zo ƙaddamar da haƙar man Kolmani, to ka leƙa gidan mai ka tambayi kuɗin lita. Duk wanda ya ce ku saurari gwamnati, zaman jiran gawon shanu yake so ku yi.

Ku kira mai gyara ya ciro sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin rijiyar, ya duba, ya faɗi kuɗinsa a bainar jama'a, a ƙofar masallaci bayan isha'i. Ku nemo na biyu shi ma ya faɗi nasa. Sannan a raba kuɗin gida-gida, a tsallake gidajen marayu. Ban da tilas. Wanda ya ƙi bayarwa kada a zage shi, ranar da ruwa ya zo sai ya saya a farashin baƙo.

Mutum uku sun isa kwamiti. Da kun fara naɗa ciyaman da mataimaki da sakataren yaɗa labarai, to kun kafa ƙaramar hukuma a cikin unguwa, kuma ita ma kuɗin shayi zai cinye ta. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, a riƙa manna lissafi a jikin tanki duk ƙarshen wata.

Inda ake rigima shi ne sayar da ruwan. Wani dattijo zai ce ruwa sadaka ne, kuma gaskiyarsa. Amma ka zagaya ka ƙirga famfunan aikin mazaɓa da suka bushe da sunan onarabul a jikinsu. Kyauta aka sha su, shi ya sa ranar da suka lalace babu ko sisi na gyara, babu kuma wanda za a kama. Ni dai ra'ayina a sa ɗan kuɗi a kan kowace jarka, 'yan garuwa su biya nasu kan kura, a ba yaro ɗaya albashin tsaron famfo. Abin da ya taru a fara ajiye shi don sola, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama mai cin riba.

Lokacin kamfen wani zai zo da gudummawa. Ku karɓa a gaban shaidu, ku yi masa addu'a, a rubuta a lissafi kamar na kowa. Sai dai ba a fenta sunansa ko alamar jam'iyyarsa a tanki, makullin ɗakin inji kuma yana hannun mai tsaron famfo.