Yadda ake ciro abin da ya maƙale a bututun wanke-wanke na kicin

Cokalin shayi, zobe, ɗan kunne, murfin robar ruwa, guntun ƙashi ko yankin soson ƙarfe, duk suna iya sulalewa cikin ramin sinkin kicin ana tsakiyar wanke-wanke, musamman idan matacin da ke bakin ramin ya karye, ko kuma wani ya cire shi don yana ganin yana rage gudun ruwa. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, ciro abin ake yi, ba tura shi gaba ba. Galibin abin da ya faɗa ba ya yin nisa, domin a ƙarƙashin sinki akwai wani sashe na bututun da ke tare shi, kuma muddin yana nan, bokiti da hannu sun isa a fito da shi. Idan kuwa aka ingiza shi ya shige fayif ɗin da ke cikin bango, to magana ta koma ta yanka bututu ko fasa siminti.

Matakin farko shi ne a rufe famfo nan take, a kife faranti a kan ramin, sannan a sanar da duk mutanen gidan cewa kada kowa ya zuba ko da kofi ɗaya na ruwa. Ruwa shi ne ke ɗaukar abu marar nauyi, irin murfin roba ko leda, ya tsallakar da shi gaba. Akwai kuma dabaru guda uku da mutane ke garajen yi, waɗanda suke ɓata aikin. Na ɗaya shi ne danna robar nan mai mariƙin sanda da ake buɗe toshewa da ita. Tana da amfani ga maiƙo da ɓarɓashin abinci, amma cokali ko murfi ƙara cusa shi take yi. Na biyu shi ne zuba sodar da ake haɗa sabulu da ita ko wani sinadarin buɗe bututu. Soda ba ta narkar da galibin cokula, ba ta narkar da zobe ko roba, sai dai ta taru a cikin bututun ta yi zafi, ta jira hannun da zai zo kwance shi ta ƙona shi, kuma idan ta fantsama a ido tana iya makantarwa. Na uku shi ne tafasasshen ruwa, wanda ke tausasa fayif ɗin roba na PVC har mahaɗarsa ta saki. Idan an riga an zuba wani sinadari kafin a yi tunani, kada a bi shi da wani daban, musamman ruwan bilic da ake wanke farin kaya da shi, domin haɗuwarsa da asid ɗin da ke cikin wasu sinadaran buɗe bututu tana fitar da iska mai guba.

Kafin a taɓa komai a ƙasa, a gwada ta sama. A haska ramin da tocila ko fitilar waya. Idan ana hango abin, filaya mai dogon baki za ta iya kamo shi. Idan ya ɗan yi ƙasa, a samu waya mai ƙarfi, irin ta hangar rataye kaya, a miƙe ta, a lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, a zura ta a hankali ta gefen bututun har ta wuce abin, sannan a juya ta a jawo sama. Ana kuma ɗaure mayen ƙarfe da zare mai ƙwari a saka shi, sai dai a sani cewa ba ya kama zinariya ko azurfa, kuma cokula da yawa na ƙarfen da ba ya tsatsa ba sa manne masa. Saboda haka wadda zobenta na gwal ya faɗa, kada ta ɓata lokaci a kan mayen ƙarfe. A yi hattara da sukurun da ke tsakiyar matacin wasu sinkuna: shi ne ke riƙe da duk abin da ke ƙasa, kuma idan aka kwance shi ba tare da wani ya tallafe ta ƙasa ba, kan bututun zai faɗi, robar da ke hana yoyo ta goce. Idan an gwada sau biyu ko uku ba a dace ba, a bar zungurar haka nan.

Daga nan sai a buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki a duba. Za a ga ɗaya daga cikin abubuwa biyu: ko dai wani abu mai siffar kwalba da bututu ya fita ta gefensa, ko kuma bututun da ya lanƙwashe ƙasa ya sake hawa sama kamar harafin U. Masu gyaran famfo suna kiran wannan sashe tarko, kuma sunan ya dace da shi. An yi shi ne don ya riƙe ɗan ruwa a ko da yaushe, ruwan ya toshe hanyar warin kwata da kyankyasai, amma a dalilin wannan lanƙwasa duk abu mai nauyi da ya faɗo a nan yake kwanciya. Bututun sinkin kicin yawanci inci ɗaya da rabi ne, wato milimita 40, shi ya sa cokalin shayi ke shiga amma ya kasa juya kwana.

A fitar da duk kayan da ke cikin kabad ɗin, a shimfiɗa tsumma, a ajiye bokiti ko roba mai faɗin baki daidai ƙarƙashin tarkon, a sa safar hannu ta roba. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda aka haɗa komai da waya kafin a kwance, domin a lokacin mayarwa ne ake rikicewa. Idan mai siffar kwalba ne, aikin ya zo da sauƙi: a riƙe samansa da hannu ɗaya, a murɗe gindinsa da ɗayan kamar yadda ake buɗe murfin jarka, ruwan ciki ya zube a bokiti. Idan mai lanƙwasa ne, noti biyu ne manya na roba, ɗaya a kowane gefe. A sassauta na farko, a sassauta na biyu, a bar ruwan ya tsiyaye, sannan a ƙarasa kwancewa a sauke sashen gaba ɗaya. Hannu kaɗai ya kamata ya isa. Idan notin ya ƙi motsi, a naɗe shi da tsumma don hannu ya kama sosai, kuma sai an rasa yadda za a yi sannan a kawo filaya, ita ma a hankali, saboda tsohuwar roba tana fashewa da an matse ta. A gidajen da aka sa tiyo mai gaɓa-gaɓa mai miƙewa da lanƙwashewa, zare shi ake yi daga bakin fayif ɗin bango, a miƙar da shi, a karkaɗe a cikin bokiti.

Abin da zai fito ba mai daɗin gani ba ne: baƙin ruwa, daskararren manja da kitse, shinkafa da tsakin tuwo. Cokali ko murfi za a gan shi nan da nan, amma ɗan kunne ko ƙaramin zobe yakan nutse a cikin wannan taɓo, don haka a tace shi a tsohuwar rariya a waje, a bi da yatsa. A kula kada a juye bokitin a cikin sinkin da aka kwance wa bututu. Mutane da yawa sun yi haka bisa sabo, ruwan ya malale musu a ƙafa. Tun da an riga an buɗe, a wanke cikin tarkon da tsohon buroshi da ruwan ɗumi da omo, domin wannan maiƙon ne ke kama abu ya hana shi motsi.

Idan ba a samu abin a tarko ba, to ya wuce. A haska bakin fayif ɗin da ya shiga bango, a gwada ƙugiyar waya a ciki da niyyar jawowa. A gidaje da yawa fayif ɗin kicin gajere ne, yana huda bango ne kawai ya zuba a wani ɗan rami mai murfi a bayan ɗakin, kafin ruwan ya tafi kwata ko sokawe. A zagaya a buɗe wannan rami a duba. Idan babu komai, a tara rariya ko a ɗaura yankin gidan sauro a bakin fayif ɗin ta waje, a mayar da tarkon, sannan wani ya zuba ruwa bokiti guda ta cikin sinki. A nan kaɗai ne tura abin gaba yake da ma'ana, domin an san inda zai fito kuma an tare shi.

Wajen mayarwa, a duba zagayayyun robobin da ke cikin kowane noti. Wadda ta tsage ko ta bushe a canza ta, ana samunsu da araha a shagon kayan famfo, kuma ya fi kyau a tafi da tsohuwar don a gwada girma. A daidaita bututun a miƙe kafin a fara ɗaure noti. Idan aka ji yana cijewa tun juyin farko, to ya hau a karkace, a kwance a sake. A ɗaure da hannu iya ƙarfi, ba da sifana ba. Sai a toshe ramin sinki, a tara ruwa har rabi, a sake shi a lokaci ɗaya, a shafa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa. Inda takardar ta jiƙe, a ƙara ɗaurewa kaɗan ko a gyara zaman robar.

Akwai inda ya kamata a tsaya a kira mai gyaran famfo: idan an manne bututun duka da gam babu noti ko ɗaya, idan na ƙarfe ne ya yi tsatsa har ya ƙi juyawa, ko idan ruwa ya ƙi tafiya alhali tarko da ramin waje duk an duba ba a ga komai ba. A gaya masa ainihin abin da ya faɗa cikin bututun, da duk wani sinadari da aka zuba, don ya kare hannunsa da idonsa. Idan har sai ya yanka fayif da zarto, a nemi ya sa tarko mai noti a madadin wanda aka manne, ya kuma zo da sabon mataci daidai da bakin ramin.