Darasi na 7: Auna Lokacin Aiki a Masana'anta

A masana'anta injiniya ne ke zana tsarin aiki, amma mataimakinsa, wanda ake kira teknishan, shi ke tsayawa a bakin layin haɗa kaya da agogo da takarda yana duba ko abin da aka zana ya yi daidai da abin da hannu ke yi. Yana shirya mazaunin injuna, yana ƙidaya kayan da suka lalace, yana rubuta umarnin aiki. Duk waɗannan sun rataya ne a kan sanin daƙiƙa nawa kowane aiki ke ci. Wani injiniya, Frederick Taylor, shi ya fara irin wannan awo da agogo a wata masana'antar ƙarfe a Amurka cikin shekarun 1880.

Kafin ka danna agogo

Ka fara gaisawa da ma'aikacin, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka nuna masa takardar. Kada ka laɓe, kada ka ɓoye agogo a aljihu. Ranar da ya gane ana auna shi a ɓoye, ya daina yarda da kai ke nan, kuma zai riƙa jan aiki duk lokacin da ya hango ka.

Ka zaɓi wanda ya ƙware, mai matsakaicin sauri. In ka auna wanda ya fi kowa zafin nama, sauran za su yi ta haki ba su cim masa ba, kaya kuma su lalace saboda gaggawa.

Sai ka raba aikin gida-gida. A wajen haɗa fankar tebur, misali, akwai ɗaukar mota (injin da ke juya fankar), ɗora ta a kan gindi, ɗaure noti huɗu, tura fankar gaba. Kowane kashi ya ƙare da abin da ido ke gani ko kunne ke ji, kamar tsayawar ƙarar sukurudireba ko lokacin da hannu ya saki fankar. In babu wannan iyaka, awonka na yau ba zai yi daidai da na gobe ba.

Ka maimaita awon aƙalla sau goma, wasu da safe, wasu da yamma lokacin da jiki ya yi la'asar. Idan noti ya faɗi ƙasa aka tsaya nema, ka sa wa wannan awon alama, ka cire shi daga lissafi, amma ka rubuta dalili. In ya faɗi sau uku cikin goma, to ba tsautsayi ba ne, kwanon notin ne aka ajiye a mugun wuri.

Lissafi

A ce matsakaicin awonka daƙiƙa 50 ne, kuma ka ga ma'aikacin ya zarce saurin da aka saba da kashi 10 cikin 100. Tunda mai saurin da aka saba zai fi shi daɗewa, ka ƙara daƙiƙa 5, ya zama 55. Mutum ba inji ba ne: zai sha ruwa, zai zaga, zai gaji. Don haka ake ƙara rangwame. In masana'antarku ta tsayar da kashi 15 cikin 100, lokacin ya koma kusan daƙiƙa 63. Wannan shi ne lokacin ƙa'ida, kuma da shi ake tsara aiki. Wanda ya manta da rangwame zai ga lissafinsa ya yi kyau a takarda, a bakin layi kuwa ya ƙi.

Inda aiki ke cunkushewa

Aikin awa 8 minti 480 ne. A cire minti 60 na hutu da share inji, saura 420, wato daƙiƙa 25,200. Idan ana son fanka 420 a rana, dole kowane minti ɗaya fanka ɗaya ta fito.

Ga tebur huɗu a layi: na farko yana cin daƙiƙa 45, na biyu 52, na uku 70, na huɗu 40. Komai ƙoƙarin sauran, layin ba zai wuce saurin na uku ba. Raba 25,200 da 70, ka sami 360. An rasa fanka 60 ke nan kullum. Ko ba agogo ma za ka gane wurin: kaya sun yi tsibi a gaban tebur na uku, mai tebur na huɗu kuma ya harɗe hannu yana jira.

Tsawa ga mai tebur na uku ba ta maganin wannan. Ka duba kashe-kashen aikinsa, ka nemo wanda za a iya miƙa wa na gaba. In ka ɗauke masa aikin daƙiƙa 12, shi ya koma 58, na huɗu ya hau 52, kowa ya shiga ƙasa da minti ɗaya. Ka kula dai da jerin aiki, don ba a rufe murfi kafin a haɗa waya. Bayan canjin ka sake awo, domin wani lokaci cunkoson tashi yake yi ya koma wani tebur.

Aikin gwaji

Wani layi yana da tebur uku masu cin daƙiƙa 30 da 48 da 36, lokacin aiki kuma daƙiƙa 24,000 ne. Kaya nawa zai fitar a rana? Daƙiƙa nawa za ka ɗauke daga tebur na biyu zuwa na uku don su yi kunnen doki?