Yadda ake kare yaro a Amurka in masu renonsa jinsi ɗaya ne kuma ba aure

Tun 26 ga Yunin 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a duk jihohi 50, amma har yau akwai da yawa da ke zaune ba aure suna renon yara, ita kuwa hukuma ba ruwanta da wa ya yi goyo, takarda take dubawa. Ni yaron nake ji, don ranar da abu ya ɓaci shi zai sha wahalar.

A fara da inshorar lafiyar yaron. Wanda doka ta sani a matsayin uwa ko uba ya sa shi a inshorar wajen aikinsa, kwana 30 ake bayarwa daga haihuwa ko ɗaukar riƙo, a HealthCare.gov, shafin gwamnati na sayen inshorar lafiya, kuma kwana 60 ne, kar a yi sanya. In samun gidan ba yawa a nemi Medicaid ko CHIP, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi da yaransu, su kowane wata ana iya cika fom.

Sai abokin zama. A tambayi ofishin ma'aikata ko suna saka shi a inshorar, wasu kamfanonin sun daina bayan 2015, kuma ko sun yarda galibi hukumar haraji ta IRS na ɗaukar kuɗin da kamfani ya biya masa kamar albashi, a cire haraji a kai.

To ga babban aikin: wanda bai haifi yaron ba ya nemi lauya ya je kotu a tabbatar masa da riƙo, in jihar ta yarda da hakan ga marasa aure, don ba duka suka yarda ba. Suna a takardar haihuwa kawai bai isa ba wallahi. Akwai wasu mata biyu a jihar Alabama, ɗaya ta haifi yara uku, ɗayar ta samu takardar riƙo a kotun jihar Jojiya, da suka rabu sai kotun Alabama ta ce ba ta san zancen ba, a Maris 2016 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dole a mutunta hukuncin Jojiya. Takardar nan ce ta sa ba a raba ta da yaran ba.

Kafin kotu ta gama, a rubuta wasiyya a faɗi wa zai riƙe yaro in an rasu, a sa hannu a takardar izinin kai shi asibiti da ɗauko shi daga makaranta, kowa kuma ya wakilta ɗayan kan maganar jinyarsa in ya kasa magana. A ɗau hoton takardun duka a aje a waya.