Darasi na 7: Shuka Furen Kolambin da Kula da Shi

Kolambin fure ne na yankuna masu sanyi, kamar Turai da Arewacin Amurka da tsaunukan Asiya. Jihar Kolorado ta Amurka ta zaɓe shi furen jiha tun 1899. Ana gane shi da ƙahonni 5 da ke bayan furen. Ba ya jure zafin bazara irin na Kano ko Maraɗi, saboda haka wannan darasi na mai zama ne a inda hunturu ke da ƙarfi.

Irinsa ba ya tsira da kyau sai ya sha sanyi. Ka watsa shi da kaka, ka danna shi da tafin hannu, kada ka binne shi da zurfi. In sai bayan hunturu za ka shuka, ka fara ajiye irin cikin yashi mai laima a firji, mako 3 zuwa 4. Ka nemi wurin da ke samun hantsi, inuwa ta rufe shi da azahar. Ƙasar ta zama mai tsane ruwa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Tsakanin tushe da tushe a bar kamu ɗaya, wato kusan santimita 45.

Shekarar farko ganye kawai za ka gani. Ka yi haƙuri. Fure sai a shekara ta biyu, wajen Mayu da Yuni.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Tushe ɗaya ba ya daɗewa, yawanci shekara 3 ko 4 ne. Mai son tsabta da ke tsinke duk furen da ya bushe, wata rana zai wayi gari lambunsa babu kolambin. Ka tsinke wasu, ka bar wasu su yi kwanso, irin ya zube da kansa, sababbi su maye gurbin tsofaffi. Launinsu kan sha bamban da na uwar, domin ƙudan zuma na gauraya su. Kada kuma ka tumɓuke babban tushe don dashe. Saiwarsa doguwa ce kamar ta karas, in ta karye da wuya ya farfaɗo.

In ka ga farin zane a ganye, tsutsa ce ke ci a ciki. Bayan fure ya ƙare, yanke ganyen ka zubar, sabo zai toho. Iri da saiwa suna da guba, a kiyaye yara.

Aiki: Rubuta jimla 2 a kan dalilin barin wasu furanni su yi iri.